DARASIN WANNAN WATA: ƘASAR DAURA, TARIHINTA DA MULKINTA DA YAWAN JAMA'ARTA

Kowa ya san sunan garinsu, ya san sunan dagacinsu. Amma idan famfon unguwa ya lalace, aka tambayi wanda ke da alhakin gyara shi, sai a ji amsa iri-iri. Wani ya ce Sarki, wani ya ce gwamna, wani ya ce ciyaman. Rashin sanin wannan yakan sa talaka ya kai kukansa inda ba nan ne wurinsa ba. Ya kashe kuɗin mota, ya rasa aikin yini guda, ya komo gida hannu biyu.

Darasin wannan wata zai yi bayani a kan ƙasar Daura. Za a ga inda take, da yadda mulkinta ya faro, da yadda ya yi ta sauyawa, da yawan mutanen da ke cikinta. Wanda ya san waɗannan abubuwa zai san ƙofar da ya kamata ya nufa da bukatarsa. Zai kuma gane abin da ya sa ɓoye iyali ranar ƙidaya asara ce ga gari duka.

INDA ƘASAR DAURA TAKE

Ƙasar Daura tana arewa maso gabashin Jihar Katsina. Daga arewa ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar. Daga kudu da kudu maso gabas ta yi iyaka da Jihar Jigawa, wajen Kazaure da Ɓaɓura. Daga yamma kuma ƙasar Katsina ce. Daga birnin Daura zuwa Katsina tafiyar kamar kilomita 80 ce. Zuwa Kano kuwa kamar kilomita 120. Hanyar da ta fito daga Kano ta ratsa Daura ita ce ta wuce Kwangwalam, bakin iyaka, ta nufi Damagaram.

Ƙasa ce mai jigawa da yashi. Damina gajeriya ce, galibi daga watan Yuni zuwa Satumba. Ana noma gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi. Ana kiwon shanu da tumaki da awaki. Inda akwai fadama ko madatsar ruwa, kamar Sabke da Daberam, ana yin noman rani. Kasuwar Mai'adua, wadda ke ci ranar Lahadi, tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na wannan yanki. Fatake na zuwa mata daga Nijar da kudancin Nijeriya.

A yau masarautar Daura ta ƙunshi ƙananan hukumomi 5. Su ne Daura da Baure da Mai'adua da Sandamu da Zango.

LABARIN KAFUWAR DAURA

Daura na cikin garuruwan Hausa mafiya daɗewa. Shi ya sa ake ce mata tushen Hausa. Labarin da aka gada daga kaka da kakanni ya nuna cewa mata ne suka fara sarautarta. Ana kiran sarauniya Magajiya. Ta farko a jerin ita ce Kufuru. Mazauninsu na farko shi ne Tsohon Birni, arewa da Daura ta yanzu. Daga baya Magajiya Daurama ta dawo da fada inda birnin yake a yau, garin kuma ya ci sunanta.

A cikin birnin akwai rijiya mai suna Kusugu. An ce wata macijiya da ake kira Sarki ta tare a cikinta, ba ta barin kowa ya ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Ana nan sai wani baƙo mai suna Bayajida ya iso. An ce daga Bagadaza ya fito, ya zauna a Barno, ya biyo ta Gaya inda maƙera suka ƙera masa wuƙa. Ya shigo Daura da dare, ya sauka gidan wata tsohuwa mai suna Ayana. Ya nemi ruwa, ta gaya masa halin da ake ciki. Ya karɓi guga ya tafi rijiya, ya kashe macijiyar, ya yanke kanta.

Da gari ya waye Magajiya ta aiki Galadima ya dubo, bai iya matsawa kusa ba. Ta aiki Ƙaura, shi ya je har bakin rijiya ya tabbatar macijiya ta mutu. Har yau Galadima da Ƙaura suna cikin manyan sarautun Daura. Magajiya ta auri Bayajida, suka haifi Bawo. 'Ya'yan Bawo su 6 suka yi sarautar Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano. Aka haɗa da Biram ta ƙasar Haɗeja, inda wani ɗan Bayajida ya yi sarauta, suka zama Hausa Bakwai.

Masana tarihi sun ce akwai Hausawa a wannan ƙasa tun kafin zamanin da labarin ke magana a kai. A ganinsu labarin yana nuna wani babban sauyi ne da aka yi, inda sarauta ta tashi daga hannun mata ta koma hannun maza, garuruwa kuma suka ƙulla zumunci. Littafin tarihin Kano ya sa farkon sarautar Bagauda ɗan Bawo a wajen shekarar 999. Ke nan maganar ta fi shekara 1,000.

Akwai abin lura a cikin labarin. Baƙon bai sami matsayi don ƙarfinsa kawai ba. Ya samu ne don ya buɗe wa jama'a hanyar ruwa, daga rana ɗaya a mako zuwa kullum. Tun daga tushe, an auna shugaba ne da bukatar da ya biya wa talakawa. Rijiyar Kusugu tana nan, baƙi na zuwa ganinta. Sarautar Magajiya ma tana nan a gidan sarauta, kuma da sunanta ake yin Hawan Magajiya lokacin salla.

LOKACIN DA DAURA TA RABU UKU

Zuriyar Bawo ta daɗe tana sarauta, har zuwa jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda aka fara a 1804. A wajen 1805 Malam Isiyaku, mai riƙe da tutar Shehu, ya ci birnin Daura. Sarki Abdu, wanda ake kira Sarkin Gwari Abdu, ya fita da jama'arsa. Daga nan birnin ya shiga ƙarƙashin Daular Sakkwato, zuriyar Malam Isiyaku na sarauta.

Tsohon gidan sarauta bai mutu ba. Bayan sun yi ta ƙaura daga wuri zuwa wuri, wani reshe ya kafu a Zango a wajen 1825. Wani reshe kuma ya zauna a Baure. Sai ya zama akwai Daura guda 3 a lokaci ɗaya: ta birni, da ta Zango, da ta Baure. Kowace tana da sarkinta da fadawanta. Daga baya Zango da Baure suka shiga ƙarƙashin ikon Sarkin Damagaram, suna kai masa gaisuwa.

Wannan rabuwa ta kai kusan shekara 100. Talaka ne ya fi shan wahalarta. Manomi na gona ana kawo hari. Ana kame mutane, ana kore dabbobi. Ƙauyuka da yawa sun kewaye kansu da ganuwa ko shinge saboda tsaro.

ZUWAN TURAWA DA MULKIN EN'E

A 1903 Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato, Katsina kuma ta miƙa wuya. Turawan Faransa kuwa sun riga sun kama Damagaram a 1899. Ƙasashen biyu suka zauna suka shata iyaka tsakaninsu, da yarjejeniyar 1904 da ta 1906. Iyakar ta ratsa tsakiyar ƙasar Hausa. Zango da Baure suka faɗo ɓangaren Ingila. Wasu garuruwa masu dangantaka da Daura, kamar Magarya, suka faɗa ɓangaren Faransa. Wannan ne dalilin da ya sa har yau mutum ke da kawu ko goggo a Nijar, alhali harshe ɗaya ne, al'ada ɗaya.

A cikin waɗannan shekaru ne Turawa suka ɗauko Malam Musa, Sarkin Zango, suka naɗa shi Sarkin Daura, aka haɗe ƙasar wuri guda. Da haka tsohon gidan sarauta ya koma birninsa. Wannan abu ne da ba a saba gani ba, domin a yawancin manyan biranen da aka ci lokacin jihadi tsohon gida bai sake komawa ba.

Bayan Sarki Musa, ɗansa Abdurrahman ya hau gado a 1911. Ya yi shekara 55 yana sarauta, har 1966. Alhaji Muhammadu Bashar ya gaje shi, daga 1966 zuwa 2007. Alhaji Faruk Umar Faruk ya hau a 2007.

Turawa ba su kawar da sarakuna ba. Sun yi mulki ta hannunsu. Wannan tsari shi ake kira En'e. A ƙarƙashinsa Sarki na da baitulmali, da 'yan doka, da kotunan alƙalai, da gidan yari. An raba ƙasa gunduma-gunduma, aka tura hakimai su zauna a gundumominsu. Razdan da Di'o suna sa ido daga sama. Babban aikin hakimi da dagaci a lokacin shi ne tara haraji da jangali. Kowace shekara malamai kan zagaya su rubuta sunan duk namijin da ya isa biya, su ƙidaya shanu. A tuna da wannan, domin zai sake fitowa a maganar ƙidaya.

DAGA LARDI ZUWA JIHA

Da farko Daura tana cikin Lardin Kano. A 1934 aka kafa Lardin Katsina, aka haɗa masarautar Katsina da ta Daura a cikinsa. Nijeriya ta sami 'yancin kai a 1960, Daura na cikin Jihar Arewa.

A 1967 Janar Yakubu Gowon ya raba ƙasa jihohi 12. Daura ta faɗa Jihar Arewa ta Tsakiya, mai hedikwata a Kaduna. A shekarun da suka biyo baya gwamnati ta karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e. A 1976 aka sauya sunan jihar zuwa Jihar Kaduna. A wannan shekara kuma aka yi babban gyara, aka soke En'e, aka kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk faɗin ƙasa. Ranar 23 ga Satumba, 1987, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa Jihar Katsina. Tun 1996 jihar na da ƙananan hukumomi 34, daga cikin 774 na Nijeriya.

Daura ta ba ƙasa shugaba. An haifi Muhammadu Buhari a Daura a 1942. Ya yi mulkin soja daga ƙarshen 1983 zuwa 1985, ya kuma yi na farar hula daga 2015 zuwa 2023. Ya rasu a watan Yuli na 2025, aka binne shi a Daura. A zamanin mulkinsa na biyu aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri a garin. A 2021 kuma aka ƙaddamar da aikin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, wadda aka tsara ta bi ta Daura.

WA KE DA WANE AIKI A YAU?

Wannan shi ne zuciyar darasi. A yau akwai hanyoyi biyu da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa. Akwai hanyar sarauta, akwai hanyar gwamnati.

Hanyar sarauta ta fara daga mai unguwa, sai dagaci, sai hakimi, sai Mai Martaba Sarki da majalisarsa. Su ne iyayen ƙasa. Aikinsu sasanta jama'a, da sanin baƙon da ya shigo gari, da shaidar ɗan gari, da isar da saƙon hukuma, da kai kukan talakawa sama. Idan maƙwabta suka yi saɓani a kan iyakar gona, ko dabbobi suka yi ɓarna, wurin mai unguwa ko dagaci ake farawa. Amma a sani, yanzu ba su ke riƙe da kuɗin ayyuka ba. Ba su yanke hukuncin ɗauri. Maganar da ta ƙi sasantuwa kotu ake kai ta. Laifi kuwa, kamar sata ko rauni, na 'yan sanda ne.

Hanyar gwamnati tana da hawa uku: ƙaramar hukuma, da jiha, da tarayya.

Ƙaramar hukuma ita ta fi kusa da mutumin karkara. Ciyaman ke shugabantarta. Kowace mazaɓa tana da kansila ɗaya. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora mata kula da kasuwanni, da tashoshin mota, da mahauta, da maƙabartu, da ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa, da kwashe shara. Tana kuma da hannu a makarantun firamare, da karatun manya, da ƙananan asibitoci, da bunƙasa noma. Dokar filaye ta 1978 ta ba ta ikon ba da takardar shaidar riƙon gona a karkara. Saboda haka idan rufin aji ya yaye, ko rumfar kasuwa ta faɗi, ko famfo ya tsaya, kansila ne mutum na farko da za a nema.

Jiha ke riƙe da yawancin makarantun sakandare, da manyan asibitoci, da hanyoyin da ke haɗa garuruwa. Tarayya kuma ke da sojoji da 'yan sanda da kwastan da bakin iyaka. Shi ya sa lokacin da aka rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024, ba Sarki ko ciyaman ke da ikon buɗe ta ba, ko da yake mutanen Mai'adua da Zango da Baure su suka fi jin jiki.

A Majalisar Wakilai ta tarayya ƙasar Daura na da kujeru 2. Ɗaya ta Daura da Sandamu da Mai'adua, ɗaya ta Baure da Zango. Sanata kuwa ɗaya ne, na Katsina ta Arewa, wadda ake kira shiyyar Daura. Kada a rikita shiyya da masarauta. Masarauta ƙananan hukumomi 5 ce, shiyya kuwa 12, domin ta haɗa da irin su Mani da Mashi da Kankiya, waɗanda ke cikin masarautar Katsina.

Koke a rubuce ya fi koke da baki. Baki ana mantawa, takarda tana nan. Idan mutanen ƙauye suna da bukata, su taru su rubuta ta a taƙaice. Su sa sunan gari da kwanan wata, su sa hannu, dagaci ya shaida. Su kai wa kansila da sakatariyar ƙaramar hukuma, su ajiye kwafi ɗaya. Nan ne amfanin ajin yaƙi da jahilci yake fitowa fili. Wanda ya iya rubutu ba ya jiran a rubuta masa abin da bai ce ba.

YAWAN JAMA'A

Yawancin mutanen ƙasar Daura Hausawa ne da Fulani, kuma Musulmi ne. Akwai Barebari da Buzaye da suka daɗe da zama. A cikin birni akwai 'yan kasuwa da ma'aikata daga kudancin ƙasa. Mafi yawan jama'a a ƙauye suke, noma da kiwo ne abin dogaronsu.

Ƙidayar da aka yi a 2006 ta nuna kimanin wannan adadi:

Daura: mutum 220,000
Baure: mutum 200,000
Mai'adua: mutum 200,000
Zango: mutum 155,000
Sandamu: mutum 137,000

Idan aka haɗa, ƙasar Daura ta haura mutum 900,000 a wancan lokaci. Jihar Katsina duka tana da kamar miliyan 5 da dubu 800. A ƙidayar 1991 kuwa jihar ba ta kai miliyan 4 ba, kamar miliyan 3 da dubu 750 ne. Ke nan cikin shekara 15 an sami ƙarin mutum fiye da miliyan 2.

Jama'a na ƙaruwa, amma ƙasa ba ta ƙaruwa. Gonar da mutum ɗaya ya noma a da, yau jikokinsa goma ke rabonta. Ba a barin saura ta huta. An sare itatuwa, an cinye burtali, iska na kwashe ƙasa. Dattawa ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba. Wannan ne ke sa matasa tafiya cin rani Kano da Abuja da Legas da zarar an gama girbi.

ME YA SA ƘIDAYA TA SHAFI KOWA?

A zamanin En'e, duk wanda aka rubuta sunansa haraji zai biya. Don haka mutane suka koyi ɓoyewa. In an ga malami da littafi, sai saurayi ya shige rumbu, a kora shanu daji. An soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna a 1979, zamanin Gwamna Balarabe Musa, Daura na cikinta. Amma tsoron bai gama fita daga zukatan wasu ba. Wasu kuma kunya ke hana su faɗin yawan 'ya'yansu, ko sunan ɗan fari.

Yau al'amarin ya juya. Kowane wata ana raba kuɗin asusun tarayya tsakanin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi. Ƙananan hukumomi na samun kashi 20 da ɗoriya cikin 100. Wajen raba musu wannan kaso, yawan jama'a na cikin manyan abubuwan da ake dubawa. A watan Yuli na 2024 ma Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Da ƙidaya ake lissafin ajujuwan da za a gina, da allurar rigakafin da za a kawo, da kujerun wakilai. Ƙauyen da ke da mutum 1,000 aka rubuta 600, to da 600 za a yi masa lissafi. Sauran 400 za su yi ta layi a bakin rijiya ɗaya.

An shirya sabuwar ƙidaya a 2023, sai aka ɗage ta. Yaron da aka haifa a 2007 ya cika shekara 18 a 2025, ya isa jefa ƙuri'a, alhali ƙidayar 2006 ba ta san da shi ba. Amma akwai abin da kowane magidanci zai iya yi ba tare da jira ba. Ya yi wa ɗansa rajistar haihuwa wurin ma'aikatan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, waɗanda ake samu a sakatariyar ƙaramar hukuma da wasu asibitoci. Takardar za ta yi wa yaron amfani wajen shiga makaranta da neman katin ɗan ƙasa. Ranar da malaman ƙidaya suka zo kuma, a faɗi kowa da kowa: mata da maza, jarirai da tsofaffi, masu lafiya da naƙasassu. Kada a rage, kada a ƙara.

KALMOMIN DA ZA A RIƘE

Masarauta: ƙasar da ke ƙarƙashin Sarki.
Gunduma: yankin da hakimi ke riƙe da shi.
Mazaɓa: yankin da ke zaɓen wakili ɗaya.
Asusun tarayya: inda ake tara kuɗin ƙasa kafin a raba.

TAMBAYOYI

1. A rubuta sunayen ƙananan hukumomi 5 na masarautar Daura.
2. Waɗanne garuruwa 3 ne suka riƙe sarautar Daura bayan jihadi?
3. A wace shekara aka kafa Jihar Katsina?
4. Idan rumfar kasuwa ta faɗi, wa za a fara nema?
5. A haɗa yawan mutanen Zango da na Sandamu. Nawa suka kama?

AIKIN AJI

Kowane ɗalibi ya rubuta sunan mai unguwarsu da dagacinsu da hakiminsu da kansilansu. Wanda bai sani ba ya tambaya, matambayi ba ya ɓata. Bayan haka ɗalibai su haɗu da malaminsu, su zaɓi bukata ɗaya ta garinsu, su gwada rubuta wasiƙar koke a kanta. A kawo ta aji a zama na gaba don a karanta a gyara.